Sharhi kan Elephunk na Black Eyed Peas: kundin da ya ajiye gwanintarsa a ƙarshe

Ranar 24 ga watan Yuni na 2003 kamfanin A&M Records ya saki Elephunk, kundi na uku na ƙungiyar Black Eyed Peas ta birnin Los Anjeles a Amurka. Wanda ya sayi faifan a wancan lokaci saboda waƙar da ta cika gidajen rediyo, wato "Where Is the Love?", sai da ya ratsa waƙoƙi goma sha biyu kafin ya iske ta, domin a can ƙarshen jerin aka ajiye ta, kuma mafi yawan abin da zai ji a hanya ba ruwansa da zaman lafiya ko yaƙi ko halin da duniya take ciki. Kiɗan rawa ne da shagali, da zancen 'yan mata, da kirarin kai. A ganina wannan tsari yana bayyana halin kundin gaba ɗaya. Ƙungiya ce da ta yanke shawarar shiga kasuwa da ƙafa biyu, ta baje hajar da take zaton za ta fi saurin shiga a gaba, ta tura mai daraja can ƙurya, sai kuma masu saye suka ba ta mamaki suka fara da ta ƙuryar.

Kafin a yanke wa kundin hukunci ya kamata a san inda masu shi suka fito. William Adams, wanda duniya ta sani da will.i.am, da Allan Pineda, wato apl.de.ap, tun suna 'yan makaranta suka haɗu a Los Anjeles, suna rawa suna gambarar zamani, har suka kafa wata ƙungiya mai suna Atban Klann wadda kamfanin Ruthless Records na mawaƙin gambara Eazy-E ya ɗauka a 1992. Kundin da suka naɗa wa kamfanin bai ga rana ba, kuma bayan rasuwar Eazy-E a 1995 suka sake lale, suka ɗauki sunan Black Eyed Peas, Jaime Gomez da ake kira Taboo ya zama na ukunsu, wata mawaƙiya mai suna Kim Hill kuma tana riƙe musu amshi. A shekarun da gambarar yammacin Amurka ta fi shahara da zancen bindiga da daba, waɗannan samari sun zaɓi hawa dandamali da makaɗa masu riƙe da ganga da gita da ƙaho, suna tsalle suna juyi, kuma wannan ya sa masu sharhi suka riƙa ganin girmansu. Kundinsu na farko, Behind the Front, ya fito a 1998, na biyu kuma, Bridging the Gap, a 2000. Sun sha yabo, amma yabon bai zama ciniki ba. Kim Hill ta bar su a 2000, kuma shekaru da yawa bayan haka ta bayyana cewa matsin da ake yi mata na ta riƙa nuna jiki a dandamali yana cikin abubuwan da suka sa ta tafi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan magana, domin tana da nasaba da abin da ya biyo baya.

Saboda haka lokacin da suka koma ɗakin naɗar sauti a ƙarshen 2001, sun san cewa idan kundi na uku ya bi sahun na baya a ciniki, da wuya kamfani ya ci gaba da zuba musu kuɗi. Mutane biyu ne suka sauya akalar aikin. Na farko shi ne Ron Fair, shugaban A&M a lokacin, mutumin da ya ɗauki Christina Aguilera tun yana kamfanin RCA, wanda sana'arsa ita ce sanin irin amshin da ke manne wa kunnen mai sauraro. Ta biyu ita ce Stacy Ferguson, wato Fergie, wadda ta fara fitowa a shirin talabijin na yara mai suna Kids Incorporated, ta kuma yi shekaru a ƙungiyar 'yan mata ta Wild Orchid. An fara kiranta ne don ta sa murya a waƙa ɗaya, "Shut Up", daga nan aka ƙara mata wasu, har ta zama ta huɗu a ƙungiyar. Mai sauraro da kunne a buɗe zai gane cewa ta zo ne bayan an yi nisa da aikin, domin akwai waƙoƙin da muryarta take tsakiyar gini, akwai kuma waɗanda aka ɗora ta daga sama, a cire ta ba abin da zai rushe.

Abin da zan fara yaba wa Elephunk shi ne kiɗansa, kuma yabo ne ba na ladabi ba. Da waƙar "Hands Up" aka buɗe, ƙahoni suna shigowa da ƙarfi, ganga tana biye da su da nauyi, kuma kafin a yi minti ɗaya mutum ya riga ya san cewa waɗannan mutane sun saba da dandamali, sun san yadda ake tayar da taro tsaye. Makaɗan da suka daɗe tare da ƙungiyar, irin su Printz Board mai busa ƙaho da kaɗa fiyano da George Pajon mai gita, suna da hannu a rubutun waƙoƙi da dama, kuma ana jin hakan. Kiɗan yana numfashi, yana sassautawa ya sake ɗaurewa, abin da kiɗan da aka harhaɗa a kwamfuta zalla ba kasafai yake iya yi ba. Shi will.i.am, wanda ya tsara yawancin kundin, yana da wata baiwa ta ɗauko fonk da rege da jaz da kiɗan Latin Amurka ya haɗa su a cikin minti huɗu ba tare da sun yi karo ba. Idan aka kashe muryoyin aka saurari kiɗan kaɗai, Elephunk zai tsaya a sahun gaba cikin kundayen shekarar.

Matsalar tana farawa ne idan aka buɗe baki. A yawancin waƙoƙin rabin farko, baitocin ba su ɗauke da komai face umarni: a ɗaga hannu, a girgiza jiki, a manta da aiki, a shigo fili. Ba laifi ba ne waƙar rawa ta ce a yi rawa, amma akwai masu gambarar da ke faɗin hakan da wasa da harshe, da ba'a, da wata dabara da za ta sa mutum ya mayar da waƙar baya don ya sake jin layi ɗaya. A nan kuwa sau da yawa ana zaɓen kalma ne kawai saboda ƙarshenta ya yi daidai da na wadda ta gabace ta, kuma idan kalmar ta ƙi samuwa sai a maimaita gaɓa ɗaya har kiɗan ya kai inda ake so. "Labor Day (It's a Holiday)" da "Smells Like Funk" duk wannan ciwo ne yake damunsu, kiɗa mai rai da baitoci marasa nauyi. Wanda ya san Behind the Front zai ji takaicin abin fiye da kowa, domin ya san cewa su ukun ba rashin iyawa ne ya hana su ba. Sun sauƙaƙa harshensu ne da gangan, don wanda bai jin Ingilishi sosai a Jamus ko Birazil ko Japan ya iya bin amshin a karo na biyu. Lissafin ya fita ta fuskar ciniki, kuma a takardar baitocin ake ganin kuɗin da aka biya.

"Shut Up" ta fita daban, kuma ita ce waƙar da ta fi nuna dalilin ɗaukar Fergie. Rigima ce tsakanin saurayi da budurwa, an fara da tuna kwanakin daɗi, aka gangaro kan yawan tafiye-tafiyen namijin da rashin kiran waya da zargi, har aka kai ga wurin da kowa yake magana ba wanda yake sauraro. A kashi na ƙarshe ita da will.i.am suna jifan juna da gajerun jimloli, yana kare kansa tana katse shi, muryarta tana hawa tana tsagewa har ta koma kusan kuka, gitar kuma tana nan a ƙasa tana maimaita zagaye ɗaya kamar ba abin da ya dame ta. Wannan wuri yana da gaskiya a cikinsa. Duk wanda ya taɓa jin ma'aurata suna sa-in-sa ta bayan bango zai gane shi ko da bai fahimci kalma ɗaya ba. Waƙar ta kai matsayi na biyu a Birtaniya, ta hau na ɗaya a Ostareliya da Jamus da wasu ƙasashen Turai, alhali a Amurka ba ta yi wani tasiri a jadawali ba.

Ita kuwa "Hey Mama" akwai abin da mai saye ya kamata ya sani game da ita, wato siga biyu gare ta. Wadda take cikin faifan farko ta fi tsauri, ta fi karkata ga rege irin na gidan rawa, da muryar Tippa Irie, mawaƙin rege ɗan Birtaniya. Wadda aka fitar wa rediyo da bidiyo an sake mata ado, an ƙara wa Fergie fili, kuma da kiɗan waƙar kamfanin Apple ya yi tallar iPod, na'urarsa ta sauraron waƙa, tallar nan ta inuwar mutane baƙi ƙirin suna rawa a gaban launi mai haske da farar waya a kunne. A nan aka ga wata hanya da ƙungiyar za ta bi shekara da shekaru, ta sayar wa kamfanoni waƙa don talla ba tare da jin kunya ba. A wancan zamani masu gambara da yawa suna ɗaukar hakan zubar da mutunci. Yau kusan kowa yana yi, kuma adalci ne a ce Black Eyed Peas suna cikin waɗanda suka share hanyar, ko mutum yana son hanyar ko ba ya so. Ni dai sigar faifan ta fi kwanta mini, domin ta fi kama da abin da makaɗan za su kaɗa idan ba wanda yake tsaye a kansu.

Waƙa ta uku a jerin ita ce tabon kundin. Sunanta na asali "Let's Get Retarded", kuma kalmar ƙarshen nan zagi ce da ake yi wa masu lalurar ƙwaƙwalwa, ko da yake a bakin matasan Amurka na lokacin ana nufin a saki jiki a yi hauka a filin rawa. Ba sai an yi dogon bayani ba, ƙungiyar da ta rufe kundinta da tambayar ina ƙauna ta tafi bai kamata ta buɗe shi da kalmar da ke ƙona zuciyar iyayen yaro mai naƙasa ba. A 2004 aka sake naɗar waƙar da sunan "Let's Get It Started" don tallar wasannin ƙarshen kaka na gasar ƙwallon kwando ta NBA, aka ƙara ta a sabon bugun kundin, kuma ita ce ta ciyo musu kyautar Grammy ta farko a 2005, a rukunin gambarar ƙungiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gyaran bai rage wa waƙar komai ba, ƙara mata ya yi. Muryar Fergie da ke buɗe ta ita kaɗai, da gita mai kaurin sauti mai tafiya kamar tana hawa matakala, da wurin da kiɗan yake tsayawa cak kafin ya sake fashewa, duk suna nan, kuma sabon amshin ya fi dacewa da abin da waƙar take yi, wato fara taro. Sai dai a lura cewa ba nadama ce ta kawo gyaran da farko ba, tallar ce ta kawo shi.

Tsakiyar kundin ba ta buƙatar dogon tsayi. "Latin Girls" jerin ƙasashe ne da yabon 'yan matansu, ta yi tsawo fiye da abin da take da shi na faɗa. "Sexy" tana da fiyanon Sérgio Mendes, gwanin kiɗan Birazil, a kan wani sanannen karin Antônio Carlos Jobim, kuma abin takaici ne a ji irin wannan kiɗa mai taushi an ɗora masa baitocin kwarkwasa na yara. Alherin da ya fito daga haɗuwar ya zo ne daga baya, lokacin da will.i.am ya tsara wa Mendes kundin Timeless a 2006. "Fly Away" fili ne da aka bar wa Fergie ta nuna iyakar muryarta, ta kuma nuna, sai dai waƙar ba ta da abin riƙewa bayan an gama ji. "The Boogie That Be" tana da daɗin rawa, shi ke nan.

Daga waƙa ta goma sha ɗaya ne kundin yake zama wani abu dabam, kuma saboda waɗannan mintoci na ƙarshe nake ganin ya cancanci a ajiye shi. An haifi apl.de.ap a lardin Pampanga na ƙasar Filifin, mahaifiyarsa 'yar ƙasar, mahaifinsa baƙar fata sojan saman Amurka wanda bai rene shi ba. Ya taso cikin talauci yana taya aikin gona, yana kuma fama da lalurar ido tun yana ƙarami, kafin a kawo shi Amurka yana ɗan shekara 14. "The Apl Song" labarinsa ne da bakinsa. Amshin da harshen Tagalog aka yi shi, an ɗauko shi daga waƙar "Balita" ta ƙungiyar Asin ta Filifin, kuma ba a fassara shi ba, ba a nemi afuwar kowa ba. A baitocin yana bayyana gidan da ya taso, da yadda ake ɗebo ruwa da kama abin da za a ci, da yadda abin da wani zai kira wahala shi a wurinsa aljanna ce, sannan ya juyo kan komawarsa gida bayan shekaru da yawa, ya ga mahaifiyarsa, ya kuma ambaci ɗan'uwansa da ya kashe kansa. Kiɗan gita ne mai sanyi da ganga marar hayaniya, ba ƙaho, ba ihu. A nan babu umarnin a ɗaga hannu, kuma a nan ne kaɗai a cikin kundin mutum yake jin cewa mai maganar ba zai iya yin shiru da abin da yake faɗa ba. Fitar da waƙa mai amshin Tagalog a kundin babban kamfanin Amurka a 2003 ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan Filifin da ke zaune a Amurka, kuma bidiyonta ya taɓo batun tsofaffin sojojin Filifin da suka yi wa Amurka yaƙin duniya na biyu aka daɗe ba a ba su haƙƙinsu ba. Da a ce sun yi wasu waƙoƙi uku irin wannan, da sharhin nan ya sauya baki ɗaya.

"Anxiety", wadda suka yi da ƙungiyar rok ta Papa Roach, tana magana ne kan firgici da matsin zuciya. Haɗa gambara da gitar rok abu ne da yayinsa ya fara wucewa a lokacin, kuma yau waƙar ita ce ta fi nuna shekarunta, amma batun da ta ɗauka na gaske ne, kuma ba kasafai masu gambara suke yarda su ce tsoro yana kama su ba.

Sai "Where Is the Love?". An fara rubuta ta ne 'yan watanni bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ta fito kuma 'yan watanni bayan Amurka ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003, a daidai lokacin da mawaƙan Amurka suke taka-tsantsan da bakinsu, domin kowa ya ga abin da ya sami ƙungiyar Dixie Chicks da gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinta saboda ɗaya daga cikinsu ta soki Shugaba George W. Bush a Landan. A irin wannan yanayi will.i.am ya buɗe waƙar da cewa ana yaƙi da ta'addanci a ƙetare alhali akwai shi a cikin gida, ya kuma jera hukumar leƙen asiri ta CIA tare da ƙungiyoyin daba na Bloods da Crips da ƙungiyar wariyar launin fata ta KKK a layi ɗaya. Taboo ya ɗauki zancen bama-bamai da yaran da ke mutuwa da yaƙin da aka ɓoye dalilinsa, apl.de.ap kuma ya rufe da kafafen watsa labarai da son kuɗi da yadda yara ke kwaikwayon abin da suke gani a fim. Amshin roƙo ne ga Ubangiji ya kawo shiriya. Justin Timberlake ne ya rera shi, yana kuma cikin marubutan waƙar, amma bai fito a bidiyon ba, domin a lokacin yana tsakiyar tallata kundinsa na farko, Justified, kuma ba a so a yi ta ganinsa a ko'ina. Ron Fair ya ƙara wa waƙar gogen Turawa masu yawa, waɗanda suke ɗaga ta a wajen ƙarshe.

Masu sukar waƙar suna cewa ba ta kama sunan mai laifi ba, ba ta ce Iraƙi ba, ba ta ce Bush ba, ta tara dukan matsalolin duniya ta ba su magani ɗaya wanda ba ya ɓata wa kowa rai. Wannan suka tana da tushe. Waƙa ce da mai goyon bayan yaƙi da mai adawa da shi za su iya rerawa a mota ɗaya kowa yana zaton da ɗayan ake. Amma ni ina ganin masu sukar sun manta da inda aka sa ta. Ba a ɗakin taron 'yan jami'a aka sa ta ba, a gidajen rediyon waƙoƙin yayi aka sa ta, tsakanin tallar mota da waƙar soyayya, kuma a wannan fili ambaton CIA cikin masu ta'addanci a 2003 ba wasa ba ne. Taushin amshin shi ne ya buɗe wa baitocin ƙofa. Da sun fi haka zafi, da ba a sa su ba sam. Ta kai matsayi na 8 a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, a Birtaniya kuma ta yi makonni shida a matsayi na ɗaya, ta zama waƙar da aka fi saye a ƙasar a 2003. An sa ta cikin masu takarar Grammy a rukuni biyu a 2004, har da na waƙar shekara da aka fi naɗa da kyau, ko da yake ba ta ci ba. Dawwamarta ta fi kyautar muhimmanci: an sake naɗarta da mawaƙa da yawa a 2016, aka kuma rera ta tare da Ariana Grande a taron tunawa da waɗanda harin Manchesta ya rutsa da su a 2017.

Karɓar da aka yi wa kundin ta rabu gida uku. A Amurka ya tsaya a matsayi na 14 a jadawalin Billboard 200, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya daɗe yana tafiya a hankali, waƙa bayan waƙa tana jan sa, har ya wuce kwafi miliyan biyu. Zagayen da suka yi a bazarar 2003 suna buɗe wa Justin Timberlake da Christina Aguilera dandamali ya kai su gaban dubban matasan da ba su taɓa jin sunansu ba. A wajen Amurka abin ya fi haka ƙarfi, domin a Birtaniya kundin ya kai na uku, kuma a Turai da Ostareliya an ɗauke su manyan taurari tun kafin garinsu ya gama yarda da su. Masu sharhi a jaridu yawancinsu sun yaba kiɗan da ƙarfin nishaɗin, suka yi ƙorafi kan baitocin, kusan kamar yadda na yi a nan. Gida na uku shi ne na tsofaffin masoya, waɗanda suka bi su tun suna wasa a ƙananan wurare, kuma su hukuncinsu gajere ne: an sayar da kai, kuma Fergie ce ta jawo.

Rabin wannan hukunci gaskiya ne, rabinsa zalunci. Gaskiya ne cewa an sauya hanya don neman kasuwa, su kansu ba su ɓoye ba. Gaskiya ne kuma cewa irin rawar da Kim Hill ta ce ta ƙi takawa ita ce aka ga sabuwar mawaƙiyar tana takawa a bidiyon "Hey Mama". Amma ɗora wa Fergie laifin ba daidai ba ne, domin ba ita ta rubuta baitocin "Smells Like Funk" ba, ba ita ta tsara kundin ba, kuma a wuraren da aka ba ta abin yi na gaske, kamar ƙarshen "Shut Up", ita ce ta fi kowa sa rai a cikin aikin. Shawarar ta will.i.am ce da kamfaninsa, kuma an yanke ta kafin ta shigo ɗakin. Abin da ya biyo baya ya nuna inda aka dosa: Monkey Business a 2005 da "My Humps" a cikinsa, sannan The E.N.D. a 2009, inda "Boom Boom Pow" da "I Gotta Feeling" suka riƙe matsayi na ɗaya a Amurka makonni 26 a jere, makaɗan kuma suka ja baya na'ura ta karɓi filin. Idan aka dubi Elephunk daga can, sai a ga shi ne wuri na ƙarshe da ƙahon Printz Board da labarin apl.de.ap da amshin Ron Fair suka zauna a inuwa ɗaya ba wanda ya kori wani.

Ga mai neman gambara mai zurfin baiti, wannan ba kundinsa ba ne, gara ya koma Behind the Front. Ga mai son jin yadda ƙungiyar makaɗa ta gaske take kaɗa waƙar yayi, ko mai son fahimtar yadda gambara ta tashi daga unguwannin Amurka ta zama kiɗan filayen wasa a duniya, akwai abin koyo da abin jin daɗi a nan, ko da zai tsallake waƙoƙi huɗu ko biyar. Idan faifai za a saya, bugun 2004 ya fi, domin shi ne yake ɗauke da "Let's Get It Started", kuma ya kamata a duba bayan kwalin a tabbatar, tunda jerin waƙoƙin ya ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Shawarata ga mai sauraro na farko ita ce ya fara daga waƙa ta goma sha ɗaya ya kai ƙarshe, sannan ya dawo kan "Shut Up" da "Hey Mama", sauran kuma ya bar su sai ranar da yake da taro a gida.